Gadon da babu mai so: tarihin taimshiya, da yadda muka rabu da ta kawuna

1/
Kawuna ya rasu a Amurka ya bar mata, 'ya'ya 3, tsohuwar mota, da wani abu da ya daɗe yana kira "kadarata ta Filorida". Bayan sadakar arba'in sai ga wasiƙa: a biya kuɗin kula da gida na bana. Gidan da rabonsa da shi shekara 9. Sai da muka yi wata 11 kafin mu rabu da shi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/
Turawa na kiran abin taimshiya. Ɗaki ɗaya ne a wurin shaƙatawa, sai a yanka shekara zuwa mako 52, a sayar wa mutane daban-daban mako ɗai-ɗai. Kai naka mako na 30, wani na 31, wani na 32. Kowa ya zo a lokacinsa, ya kwana 7, ya tattara ya ba na gaba wuri. Karɓa-karɓa ke nan, kamar adashi, sai dai a nan kwana ake ɗauka.

3/
In ka ji shi a baki, wallahi abin hankali ne. Me zai sa ka sayi gida sukutum a bakin teku alhali mako ɗaya kake zuwa a shekara? Ko a fiƙihu an san irin wannan, ana ce masa muhaya'a: mutane sun yi tarayya a abu ɗaya suna morarsa bi da bi. To yaya aka yi abu mai kyau haka ya zama ƙarfen ƙafa? Sai mun koma baya.

4/
A Turai aka haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tattalin arziki ya farfaɗo, ma'aikata suka samu hutun shekara da albashinsu, motoci da jirage suka yi sauƙi. Talaka ya fara sha'awar hutu irin na masu hali, amma aljihunsa bai kai ya sayi gida na biyu ba. A wannan giɓin 'yan kasuwa suka hango ciniki.

5/
A 1963 Alexander Nette da Guido Renggli suka kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan. Tsarinsu: ka sayi hannun jari a kamfanin, a ba ka maki, ka yi amfani da makin ka kwana a gidajensu. Har yau kamfanin na nan. A shekarun nan dai, a tsaunukan Faransa, wani kamfanin gine-gine na Marseille ya gina wurin zamiyar ƙanƙara mai suna SuperDévoluy ya riƙa sayar da ɗakuna mako-mako.

6/
Mutumin da ake jingina wa dabarar ta Faransa shi ne Paul Doumier. Tallarsa ta yi suna: yana nuna wa mutane cewa sayen otal ɗin ya fi kama hayar ɗaki araha. Ku riƙe wannan, domin yau shekara 60 ke nan da ita ake kama mutane. Ana sayar maka da jin cewa kai mai gida ne.

7/
Abin ya tsallaka Amurka a 1969, a tsibirin Kauai na Hawayi. Amma haɓakarsa ta gaske ta zo ne daga asara. A farkon shekarun 1970 an gina gidajen bene barkatai a Filorida. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, tattalin arziki ya durƙushe, gidaje suka yi kwantai, bankuna na neman kuɗinsu. Magina suka ce: tunda an kasa sayen ɗaki ɗungurugum, mu yanka shi.

8/
Ku yi lissafin da kanku, misali ne kawai. Ɗakin da darajarsa dala 200,000. Ka ware mako 2 na gyara, ka sayar da mako 50, kowanne dala 20,000. Nawa ke nan? Dala miliyan 1. Ɗaki ɗaya ya kawo kuɗin ɗaki 5. Sannan waɗannan mutum 50 su ne za su riƙa biyan fenti, wuta, haraji da albashin mai gadi duk shekara. Wane magini ne zai ga wannan ya kau da kai?

9/
Matsala ɗaya ta rage: wa ke son zuwa wuri ɗaya, mako ɗaya, duk shekara har ya tsufa? A 1974 Jon da Christel DeHaan suka kafa RCI, kamfanin musanya. Ka ajiye makonka na Filorida, ka karɓi na wani a Sifaniya ko Meziko. A 1976 aka kafa Interval International a Miami, shi ma aikinsa ke nan. Daga nan mai talla ya samu abin faɗa: "da mako ɗaya za ka zaga duniya."

10/
Shekarun farko kasuwar ta yi ƙaurin suna, 'yan ci-da-ceto sun cika ta. Sai manya suka shigo suka wanke mata fuska: Marriott a 1984, Disney a 1991, Hilton a 1992. Aka kuma koma tsarin maki maimakon tsayayyen mako. Yau a Amurka gidaje kusan miliyan 10 ne ke da taimshiya, a wuraren shaƙatawa kimanin 1,500.

11/
Yanzu ga yadda kawuna ya shiga. A 2007 ya kai iyali Orlando yara su ga wuraren wasa. A harabar otal wata mata ta tare su da fara'a: tikitin shiga kyauta ga kowa, sharaɗi ɗaya, ku zo ku saurari bayani na minti 90, har da karin kumallo. Anti ta ce ita tun a nan jikinta ya ba ta. Kawu ya ce, "To mene ne? Mu ci, mu karɓi tikiti, mu ce a'a."

12/
Banza ba ta kai zomo kasuwa. Minti 90 ya zama awa 5. Na farko ya zaga da su ɗaki mai kyau. Kawu ya ce ba shi da hali, aka kira manaja ya rage farashi. Ya sake cewa a'a, aka kira wani ya sake ragewa, ya ce wannan farashin na yau ne kaɗai. Yara sun gaji suna kuka. Da wani ya sa hannu a teburin gefe sai a hau tafi. Ƙarshe kawu ya sa hannu.

13/
Abin da ya karya shi magana ɗaya ce. Anti ta ce mutumin ya dubi yaran ya ce, "Wannan abin za ka bar musu gado." Ku da kuka san mutanenmu a ƙasar waje kun san nauyin wannan. Mutum ya yi shekaru yana biyan haya a ƙasar da ba tasa ba, sai ga wani na miƙa masa takardar mallaka da sunansa a kai.

14/
Kar ku ɗauka labarin kawu na daban ne. A 2016 wata kotu a San Francisco ta ba wata tsohuwar mai talla ta kamfanin Wyndham, Trish Williams, diyyar dala miliyan 20, bayan ta ce an kore ta ne don ta tona yadda ake yaudarar tsofaffi. A shekarar ce kuma Diamond Resorts ya yarda ya biya dala 800,000 don sasantawa da jihar Arizona kan ƙorafin salon tallarsa.

15/
To me ya sa fita ke da wuya? Na farko, farashin. A Amurka matsakaicin farashin sabuwar taimshiya ya haura dala 20,000. Wajen rabin kuɗin nan ba na gini ba ne. Kuɗin talla ne: tikitin kyauta, karin kumallo, kamashon mutum 3 da suka kewaye ka. Ranar da ka fita daga ɗakin nan wannan rabin ya riga ya tafi, ba mai saye da zai mayar maka.

16/
Na biyu, bashi. Yawanci kamfanin da ya sayar maka shi zai ba ka rance, da kuɗin ruwa da kan kai kashi 14 ko 15 cikin 100. Kawu, mutumin da ya ƙi karɓar bashin gida saboda gudun riba, sai ga shi ya shekara 10 yana biyan wannan. Bai taɓa gaya wa kowa a dangi ba. A cikin takardunsa na gani, kuma har yau abin na damuna.

17/
Na uku, shi ne babban: kuɗin kula da gida. Ka je ko ba ka je ba, sai ka biya. Matsakaicinsa a Amurka ya haura dala 1,000 a shekara, kuma hawa yake yi. In guguwa ta yaye rufi, a aiko maka da ƙarin kaso na musamman. Yawancin takardun mallakar kuma babu ranar ƙarewa a ciki. Har abada ne, kai da duk wanda abin ya koma hannunsa.

18/
Shi ya sa wurin ba ya son sakin ka. In mutum ɗaya ya fita, kasonsa na kuɗin gyara kan sauran yake faɗawa. In ka daina biya, a tura maka masu karɓar bashi, a iya ƙwace makon ta hanyar doka, a ɓata maka makin amanar bashi. A Amurka in wannan makin ya lalace, hayar gida da sayen mota duk sai sun yi maka wuya.

19/
Na huɗu, babu mai saye. Kamfanin na da sababbin makonni yana tallarsu da ƙarfinsa, kai kuma kana gasa da dubban masu neman tsira irinka. Ku shiga eBay ku duba, za ku ga ana tallar taimshiya a kan dala 1. Wasu har su ce su za su biya kuɗin canja suna. Abin da aka saya dala dubbai ana roƙon a karɓa kyauta. Ni ma na saka ta kawu a dala 1. Wata 3, ko mai tambaya.

20/
Duk inda mutane suka maƙale, akwai mai zuwa da tsani na ƙarya. Mu leƙa Tenerife, cikin tsibiran Kanari na Sifaniya. A 1983 an yi fashin zinare na Brink's-Mat kusa da filin jirgin Heathrow a Landan, na kimanin fam miliyan 26. Wani dillalin zinare, John Palmer, ya amsa cewa ya narka wani ɓangare, amma ya ce bai san na sata ba ne. A 1987 kotu ta wanke shi.

21/
Jaridu suka laƙaba masa Goldfinger. Ya kafa daular taimshiya a Tenerife, har aka taɓa ƙiyasta dukiyarsa da fam miliyan 300. Ɗaya daga cikin dabarun yaransa: su sami wanda ya gaji da tsohuwar taimshiyarsa, su ce sayi sabuwa a wurinmu, mu za mu sayar maka da tsohuwar da riba. Ka saya. Tsohuwar ba za ta taɓa saiduwa ba. Ka zo rabuwa da ɗaya, ka koma da 2.

22/
A 2001 kotun Old Bailey ta ɗaure shi shekara 8 kan damfarar mutum sama da 16,000, da yawansu 'yan fansho. A Yunin 2015 aka harbe shi a lambun gidansa a Essex. Abin mamaki, da farko 'yan sanda sun ɗauka tiyatar da aka yi masa ce ta kashe shi, sai da aka binciki gawar kwanaki bayan nan aka ga harsashi ne.

23/
Irin wannan ɓarnar ce ta sa gwamnatoci suka farka. Birtaniya ta yi doka a 1992 ta ba mai saye kwana 14 ya fasa. Tarayyar Turai ta sa kwana 10 a 1994, ta mayar da shi 14 a dokar 2008, ta kuma hana karɓar kuɗin kafin alƙalami a cikin waɗannan kwanakin. A Amurka kowace jiha da nata: Filorida kwana 10, Kalifoniya 7, Nebada 5. Meziko kwanakin aiki 5.

24/
Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi a duk tarihin harkar, kuma ita aka fi wucewa ba a gani ba. Kawu yana da kwana 10 ya rubuta wasiƙa ɗaya ya karɓi kuɗinsa cif. Na ga shafin da idona, yana can tsakiyar tulin takardu, da sa hannunsa a ƙasa. Ya dawo daga hutu, ya koma aiki, ya jefa jakar a durowa.

25/
Sifaniya ta ƙara gaba. Dokarta ta 1998 ta ce kwantiragin taimshiya kada ya wuce shekara 50. Kamfanoni da dama suka ci gaba da sayar da "har abada" kamar ba a yi ba. A Janairun 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar da wata 'yar Norwe ta kai kamfanin Anfi na Gran Canaria: irin wannan kwantiragin ɓatacce ne. Daga nan ƙararraki suka yi ta kwarara.

26/
Afirka ma abin ya taɓa ta. Afirka ta Kudu na da dokar taimshiya tun 1983, amma koke ya yi yawa har hukumar kare masu saye ta ƙasar ta buɗe bincike a 2017, ta fitar da rahoto a ƙarshen 2018. Manyan koke-koken su ne dai na ko'ina: kwantiragi marar ƙarshe, kuɗin shekara mai hawa, da makin da in ka je kama ɗaki a ce babu wuri.

27/
Mu koma Amurka. Shekarar da kawu ya saya, 2007, ita ce ƙololuwar kasuwa: cinikin ya haura dala biliyan 10. Sai rikicin kuɗi na 2008. Zuwa 2009 ya faɗo wajen biliyan 6. In kuna son ganin yadda abin ya kasance daga ciki, ku nemi fim ɗin The Queen of Versailles na 2012, kan David Siegel, wanda ya kasance mai kamfanin Westgate, da katafaren gidan da ya kasa ƙarasawa a lokacin.

28/
Mutane sun rasa aiki, kuɗin kula da gida bai tsaya ba, waɗanda suka saya a shekarun 1980 sun tsufa ba sa iya tafiya. Nan aka haifi sabuwar sana'a: kamfanonin "za mu fitar da kai". Talla a rediyo, talla a talabijin, taro a otal da abinci kyauta. E, abinci kyauta kuma. Ka biya dala dubbai tun kafin a yi komai.

29/
Wata dabararsu ana ce mata jirgin Bikin, wato na mutanen Viking da ake cewa suna ɗora gawa a jirgi su tura shi teku. Za a buɗe kamfanin da babu ko sisi a cikinsa, a juye masa takardun mallaka ɗaruruwa, a bar shi ya nutse da bashin. Wasu kuma cewa kawai za su yi ka daina biya, ka daina ɗaga waya. In an ƙwace makon su ce sun fitar da kai.

30/
Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Timeshare Exit Team, wanda fitaccen mai ba da shawarar kuɗi a rediyo Dave Ramsey ya daɗe yana yi wa talla. A 2020 babban lauyan jihar Washington ya maka kamfanin a kotu. A 2021 suka yarda su biya dala miliyan 2.61, ba a daɗe ba suka rufe. A 2023 wasu masu sauraro suka kai Ramsey ƙara suna neman dala miliyan 150.

31/
A 2022 ma gwamnatin tarayyar Amurka da jihar Wisconsin sun kai wasu kamfanonin fitarwa ƙara kan karɓar sama da dala miliyan 90, yawanci daga hannun tsofaffi. Daga cikin abin da ake tsorata su da shi: in ka mutu 'ya'yanka za su gaji wannan bashin. Ku lura. Da "za ka bar wa 'ya'yanka gado" aka shigar da su, da ita kuma ake tatsarsu a bakin fita.

32/
Sai mataki na ƙarshe, wanda ko ni da na karanta sai da na ajiye waya. Gungun masu safarar ƙwaya na Jalisco a Meziko, CJNG, sun shiga harkar. Suna da ofisoshin buga waya a yankin Puerto Vallarta. A kira ka da Turanci mai kyau: mun samo mai sayen taimshiyarka, farashi mai tsoka, sai dai ka fara turo kuɗin haraji. Ka tura, a ce saura na banki. Ka tura, a ce saura na lauya.

33/
Baitulmalin Amurka ta fara ƙaƙaba wa masu hannu a ciki takunkumi a 2023. FBI ta ce daga 2019 zuwa 2023 Amurkawa kimanin 6,000 sun kai rahoton asarar kusan dala miliyan 300 ta wannan hanya. A 2023 ɗin aka tsinci gawarwakin matasa 8 ma'aikatan irin wannan ofis a wani kwazazzabo a Zapopan. Daga tallar zamiyar ƙanƙara zuwa nan, cikin shekara 60.

34/
Mu ma an kira mu. Wata biyu da saka tallar dala 1 sai Anti ta bugo min murya na rawa: "Ɗana, Allah Ya kawo mafita, wani ya ce zai saya dala 18,000." Na ce, "Anti, me ya ce ki fara yi?" Ta ce ta tura 2,500 na takardu. Na ce, "Abin da aka ƙi karɓa a dala 1?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Na riga na je banki, layi ne ya yi tsawo na dawo."

35/
Layin banki ne ya cece mu, ba wayona ba. Daga ranar na daina neman gajeriyar hanya. Ga abin da muka yi. Na farko, na karanta takardar mallaka. Sunan kawu da na Anti ne a kai, babu na yara. A dokar Amurka magaji na iya ƙin karɓar gado a rubuce, yawanci cikin wata 9, in bai mori abin ba. To yara sun tsira. Anti ce ba ta da wannan damar, don ita ma mai shi ce.

36/
Na biyu, na kira kamfanin da kansa na ce a haɗa ni da sashen mayar da mallaka. Manyan kamfanoni da dama sun buɗe irin wannan sashen a 'yan shekarun nan, ba sa dai yayata shi. Sau 2 ana tura ni wurin masu talla, ɗaya har yana cewa mafita ita ce mu ƙara sayen maki. Kai jama'a! A karo na 3 na samu wadda ta saurare ni.

37/
Sharuɗɗansu: babu ragowar bashi a kai, kuma an biya kuɗin kula da gida har na bana. Nan ne shekara 10 da kawu ya yi yana biya a ɓoye ta yi rana. Muka biya na bana da ciwon rai, muka aika takardar shaidar rasuwa da wasiƙar Anti cewa ba ta da halin ci gaba, muka biya kuɗin aikin takardu 'yan ɗaruruwa. Komai a rubuce, komai da kwafi.

38/
Na uku, ban yarda an gama ba sai da na ga sabuwar takardar mallaka a rajistar filaye ta gundumar, sunan Anti ya fita, da wasiƙar cewa ba ta da sauran nauyi. Ko sisi ba mu samu ba. Na lissafa abin da kawu ya zuba daga 2007, da ruwa da kuɗin shekara-shekara, na raba da kwanakin da suka taɓa yi a wurin. Ban gaya wa Anti amsar ba.

39/
Don adalci: akwai masu jin daɗin tasu. Wanda ke zuwa duk shekara, ya saya hannu na biyu da araha, babu bashi, yana iya cin riba. Na Disney ma suna da ranar ƙarewa a rubuce, na farkonsu 2042, kuma suna saiduwa a kasuwa. Ko a Makka an yi: a 2003 kamfanin Munshaat na Kuwaiti ya fitar da sukuk na dala miliyan 390 kan hasumiyar Zamzam, haƙƙin kwana na shekara 24.

40/
A 2007 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta Maleshiya ta duba wannan ciniki, ta halatta shi da sharuɗɗa, ciki har da a san ainihin wurin da lokacin da aka saya. Abin da na fahimta daga duk tarihin nan: inda aka sa wa'adi, aka bayyana komai, rigima kaɗan ce. Inda aka rubuta "har abada" aka kuma hana ka lokacin tunani, nan kuka yake.

41/
Ga masu tafiya hutu ko'ina ake wannan talla, da masu iyaye a waje:
• Tambayi yadda ake fita kafin ka tambayi farashi.
• In an ce farashin na yau ne kaɗai, tashi.
• In ka riga ka sa hannu, nemo shafin fasawa a daren nan, ka aika wasiƙa yadda aka ce.
• Duk wanda ya kira ka da mai saye ya ce ka fara turo kuɗi, ɓarawo ne.
• Kar ka yarda a sa sunan yaranka.

42/
In kuma abin ya riga ya zama naka, fara da kamfanin da kansa. In sun ƙi, nemi lauya mai lasisi a jihar ko ƙasar da gidan yake, wanda za ka iya duba rajistarsa. Daina biya ma hanya ce da wasu ke bi, amma ka san abin da za ta jawo wa sunanka kafin ka zaɓe ta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, mu namu fitar ya ci wata 11, kuma muna cikin masu sa'a.

43/
Ranar da wasiƙar ƙarshe ta zo, Anti ta ɗauko hoton da suka yi a Orlando a 2007: kawu da hular rana, yara riƙe da tikitin kyauta. Ta ce, "Shi fa don su ya yi." Na ce na sani, Anti. Ku tambayi iyayenku abin da suka sa wa hannu tun suna raye, ko da za su ji nauyin faɗa. Allah Ya jiƙan kawu, Ya yafe masa, da duk namu da suka riga mu.